Cocin Rumawa a Mistira: abin da mai ziyara zai so ya sani

Su wane ne Rumawan nan da ake kira Bizantin?

Su ne dai waɗanda muka sani a Suratur Rum, mutanen sarki Hiraƙla, masu babban birni a inda Istanbul take yau. Su kansu Rumawa suke kiran kansu. Sunan Bizantin daga baya masana suka laƙaba musu.

Ina Mistira take?

A kudancin Girka, kusa da Sparta, a jikin dutsen Taigetos. Wani basarake mai asalin Faransa, William na Villehardouin, shi ya gina ganuwa a ƙololuwar tsaunin a 1249. A 1262 ta koma hannun Rumawa, gari ya yi ta gangarowa ƙasa, hawa bisa hawa. Yanzu kango ne, amma coci-cocin na nan tsaye. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1989.

Wace coci ce bai kamata a tsallake ba?

Ni dai Peribleptos zan ce. Ƙarama ce, an jingina ta da dutse har ka rasa inda gini ya ƙare, inda dutse ya fara. Da ka shiga sai duhu ya rufe ka. Kada ka yi gaggawa. Tsaya idonka ya saba, sannan zanen bango na ƙarni na 14 zai fara fitowa: ga Maryamu kishingiɗe a bakin kogo, ga jariri Isa a gefenta, ga shuɗi mai zurfi da bai gama koɗewa ba. Daular tana ta ƙanƙancewa lokacin da aka yi wannan aiki, amma hannun masu zanen bai yi sanyi ba. Wannan ne ya fi taɓa ni.

A cocin Agios Dimitrios kuma, dubi daɓen ƙasa. Akwai allon marmara da aka sassaƙa gaggafa mai kai biyu. Nan ake cewa aka naɗa Konstantin na 11 a 1449, sarkin Rumawa na ƙarshe, wanda ya mutu a 1453 ranar da Muhammadu Fatih ya ci birninsa. Ita Mistira sai a 1460 ta faɗa hannun Turkawa, har suka mai da cocin Agia Sofia masallaci.

Akwai masu zama a ciki?

Sai a cocin Pantanassa, wadda aka keɓe domin ibada a 1428. Wasu mata masu zaman ibada na can, da tukwanen furanninsu da kyanwoyi a tsakar gida. Gidansu ne, don haka a rufe kafaɗa da gwiwa, a sassauta murya.

Hawan fa?

Ba wasa ba ne. Ƙofa biyu ce, ta sama da ta ƙasa. Shiga ta sama ka yi ta gangarowa, gwiwa za ta fi samun sauƙi. Duwatsun hanyar sun goge suna santsi, saboda haka a bar silifa a masauki, a riƙe ruwa, a kuma yi sammako kafin rana ta take.