Waiwaye: Ƙararrawar janaretan ko-ta-kwana a tashoshin nukiliya

Ko an kashe tukunyar nukiliya, makamashin da ke cikinta ba ya daina fitar da zafi nan take. Dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa don sanyaya ta, famfunan kuma wuta suke sha. Shi ya sa ake girke manyan janaretoci masu amfani da dizal, waɗanda ake so su tashi da kansu cikin kimanin daƙiƙa 10 da ɗaukewar wutar waje. Janaretan yana can wani gini daban, mai lura da tashar kuma yana ɗakin sarrafawa. Ƙararrawa da 'yar fitilar allo su ne idonsa da kunnensa.

Tun shekarun 1970 matsalar ta fito fili a Amurka. Hukumar kula da harkar nukiliya ta ƙasar, NRC, ta riƙa samun rahoton janaretocin da suka ƙi tashi ba don sun lalace ba. Makanikai ne kan gama gyara su bar makunni a kashe, ko su manta ba su saki kullen kariya ba, waɗanda ke ɗakin sarrafawa kuma ba su da labari. Da aka bi diddigi, sai aka ga fitila ɗaya ce ke kamawa ko matsalar ƙarama ce ko babba, rubutun da ke kanta kuma bai ce injin ba zai tashi ba. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Fitilar da ta saba kamawa kan abin da bai taka kara ya karya ba, wa zai zabura ranar da ta kama da gaske? Daga baya hukumar ta fitar da ƙa'ida: duk abin da zai hana janareta amsa kiran gaggawa a ware masa tasa ƙararrawar, da kalmomin da ba sa buƙatar fassara.

Hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka na ranar 28 ga Maris, 1979 ba na janareta ba ne, amma ya girgiza fannin baki ɗaya. Ƙararrawa sama da 100 suka kaɗa cikin 'yan mintoci, wata fitila kuma ta sa ma'aikata suka ɗauka wani bawul ya rufe alhali a buɗe yake. Umarnin rufewa da aka tura wa bawul ɗin kawai fitilar take nunawa.

Sai ranar 20 ga Maris, 1990 a tashar Vogtle da ke jihar Jojiya ta Amurka. Wata mota tana ja da baya ta bugi turken layin wuta, wutar waje ta yanke. Tukunya ta ɗaya tana kashe ana sauya mata makamashi, janareta guda cikin biyu kuma an kwance shi ana gyara. Ɗayan ya tashi, ya yi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, ya mutu. Aka sake tayar da shi, ya sake mutuwa. Minti 36 aka kwashe babu wuta, ruwan tukunyar ya haura daga kusan digiri 32 zuwa 58 a ma'aunin Selsiyos. Bincike ya fi karkata ga na'urorin auna zafin ruwan injin, waɗanda suka yi ƙaryar cewa ya yi zafi, suka kashe shi don kare shi. Abin da ya fi damuna ke nan: an ceci inji, an bar tukunya a hannun Allah. A karo na uku aka tayar da shi a tsarin gaggawa, wanda ke tsallake yawancin irin waɗannan kariya, ya kuwa tsaya da ƙafarsa. Hikimar wannan tsari ita ce, idan rana ta ɓaci ƙaramar matsala ta yi ƙara kawai, mutum ya yanke hukunci.

A tashar Forsmark ta Suwidin, a watan Yulin 2006, biyu daga cikin janaretoci huɗu suka kasa ba da wuta, wasu allunan ɗakin sarrafawa kuma suka yi duhu tare da su, sai bayan minti ashirin da 'yan kai aka haɗa su da hannu. A tashar Fukushima ta Japan kuwa, ranar 11 ga Maris, 2011, igiyar tsunami ta shanye janaretoci da batura a tukunya ta ɗaya da ta biyu, babu ƙararrawar da ta rage da rai. Ma'aikata suka riƙa ciro baturan motoci suna jonawa a allo cikin duhu don su karanta tsayin ruwa.