Shagaltuwar direba da na'urar nuna hanya

Na'urar nuna hanya, ko wadda ke haɗe da mota ko manhajar waya irin su Google Maps da Waze, tana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam na GPS ta gano inda mota take, sannan ta faɗa wa direba inda zai bi. Takan shagaltar da shi ta fuska uku: ido ya bar titi, hannu ya saki sitiyari, hankali ya tafi kan taswira.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wanda ya kalli allo na daƙiƙa 2 ya yi tafiyar mita 56 ke nan bai ga gabansa ba. A 2013 hukumar kula da lafiyar tuƙi ta Amurka, NHTSA, ta shawarci masu ƙera motoci kada wani aiki a allo ya sa a yi kallo guda da ya wuce daƙiƙa 2, jimillar kallon kuma kada ta haura daƙiƙa 12.

Mafi muni shi ne rubuta adireshi ana cikin tafiya. Binciken gidauniyar lafiyar tuƙi ta AAA da Jami'ar Utah, duk a Amurka, na 2017 ya nuna cewa hakan kan ci kimanin daƙiƙa 40. Don haka ake saita wurin zuwa kafin a tashi, a duba hanyar, a kunna muryar jagora. In dole a sauya, sai a faka ko fasinja ya yi. Bayar da umarni da baki yana barin ido a kan titi, amma in na'urar ta yi kuskuren ji, hankali kan koma wajen gyara ta.

Waya kuwa a maƙala ta a mariƙi kusa da saitin ido, inda ba za ta tare gilashi ko jakar iska ba. Da dare a rage haskenta.

Sigina kan ɓace a hanyar ƙarƙashin ƙasa, ya kuma rikice tsakanin dogayen benaye, taswira ma takan tsufa. Idan na'ura ta saɓa da alamar titi, alamar ake bi. Wanda ya wuce kwana kada ya taka birki kwatsam, na'urar za ta nemo wata hanya da kanta.

A Birtaniya, riƙe waya a hannu ana tuƙi, ko da don duba taswira ne, yana jawo tarar fam 200 da makin hukunci 6 a lasisi.