Gwanjon kayan mota a eBay: ba abin da ka rubuta za ka biya ba

Masu neman kayan gyaran mota a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, da yawa suna tsoron rubuta babban tayi, wai za a cire musu kuɗin duka. Shi ya sa suke ƙara dala ɗaiɗaya, kamar masu ciniki a kasuwar ƙauye. Wannan wahalar banza ce.

Adadin da ka rubuta iyakarka ce kawai, kuma ba wanda ke ganinta. Na'ura ce ke taya maka kaɗan-kaɗan. A ce fitilar gaba ta Corolla ce, ka sa dala 200, abokin takara ya tsaya a 120: dala 122.50 za ka biya. In tayi biyu suka zo daidai, wanda ya riga shi ke ɗauka.

Dirar mikiya fa, wato jefa tayi a daƙiƙar ƙarshe kafin a rufe gwanjo? Tana hana abokin takara sake tunani, amma ba ta kayar da wanda iyakarsa ta fi taka. A gwanjon Yahoo na Japan ma, mai kaya na iya sa a ƙara minti 5 duk sanda tayi ya shigo dab da rufewa, don haka dirar mikiya ba ta da amfani.

Kafin ka yanke iyaka, duba lambar kayan, ka cire kuɗin dako da na kwastan daga abin da kake shirin kashewa.