Me ake nufi da "guguwar rana"?

Tun watan Mayun 2024 kalmar "guguwar rana" ta shiga bakin mutane. Da zafi ya matsa a Sakkwato sai ka ji mai gabatar da shiri a rediyo yana cewa guguwar rana ce ta taso, a WhatsApp kuma ana yaɗa cewa a kashe waya kada ta kama da wuta. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Zafin da ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu na bazara ne, kakanninmu ma sun sha shi. Guguwar rana ba ta ƙara zafin gari.

Abin yana faruwa ne a rawanin rana, wato farin hasken da ke kewaye da ita, wanda ido ba ya gani sai husufi ya cika, kamar na 29 ga Maris 2006 da aka gani a yankin Gusau da Katsina. Zafin fuskar rana kusan digiri 5,500 ne, amma na rawanin ya wuce miliyan ɗaya. Iskar wurin tana ɗauke da lantarki, kuma a ɗaure take da igiyoyin maganaɗisu. Idan suka murɗe har suka tsinke, sai rana ta watso tan biliyoyi na wannan iska, wani lokaci da gudun kilomita 3,000 a daƙiƙa.

To, ga inda ake tsallakewa, alhali nan ne daɗin ilimin. Ka lura da makiyayi idan ya kaɗa bulala: bakinta ya fi sauti gudu, iskar da ke gabansa ba ta samu damar kaucewa ba, sai ta dunƙule ta ba da ƙara. Irin wannan bugu ne ke gudu a gaban abin da rana ta watso, kuma ba fili yake ratsawa ba. In ya ci karo da igiyoyin da suka lanƙwasa kamar baka, sai ya bar su suna lilo. In ya isa inda suke a buɗe, wani sashensa ya kauce ko ya dawo baya. Inda iskar ta yi kauri kuwa ƙarfinsa ƙaruwa yake, har ya ingiza ƙwayoyin lantarki su iso mu cikin ƙasa da awa ɗaya. Gungumen iskar da rana ta watso kuwa sai ya yi awa 15 zuwa kwana uku ko fiye kafin ya cinye kilomita miliyan 150 ɗin da ke tsakaninmu. Ko ya iso ma, ba ya ɓarna sosai sai maganaɗisunsa ya fuskanci kudu, saɓanin na duniya.

A nan ne guguwar rana ta cancanci sunanta. A ranar 13 ga Maris 1989 ta jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na awa tara, a Fabrairun 2022 kuma ta yi sanadin faɗuwar sababbin taurarin ɗan'adam na Starlink kusan 40.

Mu a Sakkwato, wanda zai fara jin ta shi ne dattijon da ke kama tashoshin waje a gajeren zango. Walƙiyar fashewar tana isowa cikin minti takwas, tashar ta ɗauke da rana tsaka, ya yi ta murɗa akwati yana zargin batir. Bayansa sai mai awon fili da direban da ke bin GPS, domin na'urar kan kuskure musu wuri a irin waɗannan ranaku.