Makulli ko yashi: me ke karce fuskar waya?

An daɗe ana cewa makulli da tsabar kuɗi ne ke karce fuskar waya, don haka wanda ke ware wa wayarsa aljihu ba ya bukatar sikirin gad. Maganar tana da kama da gaskiya, tunda ƙarfe muke gani a aljihu.

Amma gilashi ya fi tagullar makulli tauri. A ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin ma'adinai da shi, gilashin waya yana wajen 6, ƙwayar yashi kuwa 7. Yashin da ƙurar hunturu ke tarawa a aljihu, musamman ga mai hawa mashin a Gombe, shi ke jan siraran layukan da ake gani a rana. Goge fuskar waya da bakin riga alhali akwai ƙura yana ƙara ɓarna.

A gwada da tsohon sikirin gad na gilashi da aka cire: a goga makulli, sannan a murza yashi kaɗan. Alamar makulli yawanci gogewa take, ta yashi tana nan.

9H da ake rubutawa a jikin kwalin sikirin gad ma'aunin taurin fensir ne, ba na Mohs ba. 

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.