Me ya sa mutum yake ƙaryata idonsa don ya bi jama'a?

Wai da gaske an taɓa gwada wannan?

An gwada. A 1951 Solomon Asch, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya riƙa tara ɗalibai bakwai zuwa tara a ɗaki ɗaya. A ɗaga musu kati mai layi ɗaya, da wani mai layuka uku, a ce kowa ya faɗi wanne ne tsawonsa ya yi daidai da na farkon. Ko ɗan firamare ba zai ɓata ba. Sai dai duk mutanen ɗakin an haɗa baki da su, ban da mutum ɗaya, shi kuma an zaunar da shi can kusa da ƙarshe don ya ji amsar kowa kafin tasa. Cikin zagaye 18, a 12 sai su taru su faɗi amsar ƙarya ba tare da ko ƙifta ido ba.

Shi kuwa ya bi su?

Kusan uku cikin kowane huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya, kuma kimanin kashi ɗaya bisa uku na amsoshinsu a waɗancan zagaye 12 bin yarima ne a sha kiɗa. Da aka gwada wasu su kaɗai, kuskurensu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ashe ido lafiya lau yake. Da aka tambaye su daga baya, da yawa sun ce sun san amsar ba daidai ba ce, ba sa son su zama bare ne kawai a idon sauran mutanen ɗakin.

To idan mai iko ne ya ba da umarni fa?

Nan abin ya fi muni. Stanley Milgram, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Asch, ya yi nasa gwajin a Jami'ar Yale a 1961, shekarar da aka gurfanar da Adolf Eichmann, jami'in gwamnatin Hitler da ke da hannu a kisan kiyashin Yahudawa, a Birnin Ƙudus, inda ya kare kansa da cewa umarni ya bi. Ana sa mutum ya danna wa wani da ke wani ɗaki daban wutar lantarki duk lokacin da ya kasa amsa tambaya, daga bolt 15 har zuwa 450. Wutar ta ƙarya ce, ihun da ke fitowa daga ɗaya ɗakin ma shiri ne, amma mai dannawa bai sani ba. Wasu gumi na karyo musu, hannu na rawa, su juya su ce a bari haka. Mai gwajin, cikin rigar aikinsa, ya ce a ci gaba. Mutum 26 cikin 40 sun danna har 450.

Yi wa na gaba tambaya ba rashin kunya ba ne?

A ganina girmamawa daban, zama ɗan amshin shata daban. Kana iya durƙusawa ka gaida babba, ka kuma ce: "Ranka ya daɗe, mene ne dalilin wannan?" An ruwaito cewa Imam Malik da kansa, wanda mazhabarsa muke bi, ya ce maganar kowa ana iya karɓa ana iya mayarwa, in ban da ta Manzon Allah (SAW).

Me ke karya wannan ɗabi'ar?

Mutum ɗaya. Da Asch ya saka wani a ɗakin da zai faɗi gaskiya kafin a zo kan wanda ake gwadawa, bin jama'a ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na yadda yake a da. Milgram ma ya gwada haka: ya zaunar da mutum biyu kusa da mai dannawa, suka tashi a tsakiyar aiki suka ce ba za su ci gaba ba. A wannan karon mutum 4 kacal cikin 40 ne suka kai 450.