Cizon kare: tambayoyin da na gaji da amsawa

Karen gida ne, ba mahaukaci ba. Dole sai na je asibiti?

Dole. Kare yana iya zubar da ƙwayar cutar haukan kare (rabies) a yawunsa kwanaki kafin ya nuna alamar hauka.

Me zan fara yi?

Wanki. Sabulu da ruwa mai gudana, minti 15 cur, ka duba agogo. Sai aidin ko sufirit. Ban da barkono, ban da toka, ban da ƙonannen gashin karen. Kuma kada ka bari a yi saurin ɗinke wurin.

Ciwon ya warke, allurar me kuma?

Wa ya ce maka don ciwon ake yin ta? Allurar rigakafin cutar ce. Ƙwayar tana bin jijiya ne a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci wata 1 zuwa 3, wani lokaci har shekara. Ranar da mutum ya fara firgita da ganin ruwa, magana ta kusan ƙarewa.

Na yi allura biyu, ranar ta uku ta wuce, kuɗi sun yanke, karen kuma yana nan lafiya lau. In haƙura?

A nan ne ake yawan yin kuskure, don haka natsu. Tsarin allurar damtse shi ne rana ta 0 (ranar allurar farko), 3, 7, sai ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da 28. Wasu asibitocin har yanzu biyar suke yi. In ka makara da 'yan kwanaki, ba a komawa farko, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya. To ka je yau.

Batun kare kuma, e, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a dakatar da allura idan karen ya cika kwana 10 da cizon yana lafiya. Amma fa sai in shi ɗin ne tabbas, a ɗaure, ana ganinsa kullum, ba "yara sun hango shi a bola" ba. Gara ma likitan dabbobi ya duba shi. Kuma lura: kafin kwana goman su cika, ya kamata a ce ka riga ka karɓi uku. Ba a zama jiran kare kafin a fara. Idan ya mutu, ya ɓata, ko an kashe shi, ka kammala duka. Ana iya kai kan karen gwaji cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, amma kada jiran sakamako ya tsayar da kai.

Kan kuɗi, tambaya ko suna yin allurar cikin fata: 0.1 ml a wuri biyu, rana ta 0, 3, 7. Maganin da take ci kaɗan ne, sai dai ba ko'ina ake yi ba. Idan cizon ya huda fata, musamman a fuska, wuya ko yatsu, akwai wani ruwan kariya daban (immunoglobulin) da ake tsirawa cikin ciwon kansa, kuma bayan kwana 7 da allurar farko ba a ba da shi.

Matata tana da ciki.

Ta yi. Mai shayarwa ma, jariri ma. Kwantar da hankalinka.

A kemis aka yi min, a ɗuwawu.

Ba ta shiga lissafi ba, a sake. Babba a damtse, ƙaramin yaro a cinya. Ka kuma tambaya ko daga firij aka ɗauko ta, domin wadda ta kwana a zafin shago ba abin dogaro ba ce.